Ba Kowane Sabo Ne Ƙirƙira Ba: Rarrabe Kalmomin Ingilishi na Sabunta da Asali ga Ɗalibin Hausa a Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin Ingilishi guda shida da ɗalibanmu suka saba yi wa kuɗin goro, wato “new”, “novel”, “original”, “discovery”, “invention” da “innovation”. Hujjar da take kafawa ita ce ruɗanin bai samo tushe daga ƙarancin kalmomi a Hausa ba. Ya taso ne daga yadda ake koyarwa, inda ake bai wa kalmomin duka fassara ɗaya, da kuma yadda uku daga cikinsu suka riga suka iso kunnen yaro ta kasuwa da shagon littattafai da zauren wa'azi ɗauke da wata ma'ana daban. An ɗauko misalai daga rayuwar yankin Tsafe da Gusau, da dokokin Nijeriya, da tarihin adabin Hausa.

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Kucheri, kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, yana zuwa makaranta da Hausarsa cikakkiya. Ya san babur sabo fil a leda, ya san na hannu wanda aka yi wa fenti. Ya san idan mahaifinsa ya ce sabuwar masara ta shigo kasuwa, ta bana yake nufi, idan kuma ya ce malamin gona ya kawo sabon iri, maganar ta sauya gaba ɗaya, domin wannan iri ne da ba a taɓa shuka shi a garin ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa wannan bambanci. Da kunne ya ɗauka.

Wannan yaro ne zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, a ba shi jimla da kalma ɗaya a ja mata layi, a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Tambayar ba ta da laifi a karan kanta. Matsalar tana ga yadda ake shirya yara dominta: malami ya jera kalmomi a allo, ya ce duka ɗaya ne, a haddace. Yaro ya ci jarrabawa, ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi, ranar da aka ce ya rubuta kundin kammala karatu wanda yake “original”, sai a tarar abin da ya fahimta daban, abin da malaminsa ke nufi daban. A nan ne kuskuren da aka shuka a aji uku na sakandare yake nuna.

2.0 Sabo da baƙo

Kalmar “new” ita ce uwa, kuma ita ce ta fi kowace faɗi. Daga tsohon Ingilishi take, 'yar gida ce, kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da “sabo” a Hausa. Abin da take aunawa lokaci ne, ko matsayin mai magana. Sabon malami yana iya zama dattijo mai shekara talatin yana koyarwa, a makarantarmu ne kawai yake sabo. Sabuwar riga tana iya zama irin ɗinkin da kakanni suka sa. Ba ta yi wa kowa alkawarin cewa ba a taɓa ganin irin abin ba.

“Novel” ce ke yin wannan alkawari. Ta shigo Ingilishi ta Faransanci daga Latin, kuma tana nufin abin da irinsa ne sabo, wanda ido bai saba da shi ba. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan, wato “baƙo”: baƙuwar cuta, baƙon al'amari, baƙuwar dabara. A farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta amfani da wannan kalma a kan ƙwayar korona da ta ɓulla a Wuhan. Likitoci sun san dangin korona tun shekarun 1960, don haka abin da ake nufi shi ne wannan nau'in ba a taɓa ganinsa a jikin ɗan'adam ba. Haka waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Buhun waken bana sabo ne, wannan kuwa baƙon iri ne.

Abin da ke ɗaure wa ɗalibi kai shi ne ya riga ya san “nobel”, littafin labari irin wanda yayyensa mata ke karantawa. Kalmomin biyu rubutunsu ɗaya a Ingilishi, tushensu ma ɗaya, sai dai ta littafin ta biyo ta Italiyanci, kuma suna ce, ɗayar kuwa sifa. Malami ya faɗi wannan sau ɗaya a fili, ya ba da jimla biyu, an wuce wurin.

3.0 Orijina, asali da na-kai

A nan ne aikin yake. Duk wanda ya taɓa sayen caja ko batirin waya ko man juye a Gusau ya ji tambayar: “Orijina kake so ko mai sauƙi?” Mai shago zai ɗauko biyu ya ajiye a kan kanta, ya ce ka ɗaga ka ji nauyi, ya nuna maka hatimin kamfani a gefen kwali. A bakinsa orijina kishiyar jabu ce. Abin da yake tabbatar maka shi ne kayan ya fito daga inda aka ce ya fito. Ma'ana ce ingantacciya, Ingilishi ma yana da ita, kuma ita ce magatakardan makaranta ke nufi idan ya ce a zo da takardar shaida ta ainihi, ba hotonta ba.

Ma'ana ta biyu ita ce ta farko a jeri, wato asali: asalin mazauna gari, asalin sunan wuri, asalin rubutun da aka fassara. Kalmar Latin da ta haifi “original” tana nufin mafari, kamar yadda “asali” ta zo mana daga Larabci da ma'anar tushe.

Ma'ana ta uku ita ce wadda jami'a ke nema, kuma ita ce kasuwa ba ta koya wa yaro ba: aikin da ya fito daga tunanin mai shi, wanda bai kwafo daga wani ba. Ɗalibin da ya zo da ma'anar kasuwa yana iya ɗauko babi sukutum daga littafin wani farfesa, ya sa a kundinsa, zuciyarsa ɗaya, domin a ganinsa ya kawo orijina, daga tushe mai kyau, ba jabu ba. Ba ina wanke masu satar fasaha da gangan ba ne, suna nan kuma sun san abin da suke yi. Amma akwai yaran da ba a taɓa warware musu wannan kalma da harshen da suke tunani da shi ba, sai ranar da aka kira su gaban kwamiti. Wannan zalunci ne da za a iya kauce masa da darasi ɗaya. A ce masa: aikin ya zama naka na kanka, ƙwaƙwalwarka ta haife shi, abin da ka aro kuma ka faɗi mai shi.

Sai dai kada a tsallaka zuwa ɗaya gefen, a sa yaro ya ɗauka cewa aiki ba ya zama na mutum sai idan babu wanda ya taɓa tunanin komai a cikinsa. Tarihin adabinmu ya ƙaryata haka. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, da suka fito daga 1937. Masu nazari, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran sun nuna cewa da yawansu sun samo tushe daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus, da wasu littattafan Gabas. To, shin aikin na Imam ne? Ra'ayina, nasa ne. Jigon labarin aro ne, amma fadar da ya gina, da wazirin da ya zana, da bakin akun, da yadda magana ke gudana har mai karatu a Kano ko Gusau bai taɓa jin ƙamshin baƙunta ba, duk daga gare shi suke. Labaran ba baƙi ba ne a duniya, amma aikin na-kai ne. Ga bambancin “novel” da “original” a fili cikin littafin da kowane ɗalibin Hausa ya riƙe.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, a kan wannan ma'ana ta tsaya. Ba ta neman labari ya zama wanda ba a taɓa ji ba. Abin da take nema shi ne a ga mai aikin ya yi wani ƙoƙari da ya ba aikin kamanni nasa na kansa. Mawaƙan fada na ƙasar Zamfara, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, sun gaji kiɗa da salon yabo da zambo daga iyaye, duk da haka mai sauraro yana jin ɗiya biyu ya san wane ne. Masu harkar fim a Kano kuma suna da kalmar “wankiya” ga wanda ya ɗauko fim ɗin Indiya ya sauya masa sunaye kawai. Wato masu sana'ar da kansu sun san iyakar da ke tsakanin aro da kwafe, har sun raɗa mata suna.

4.0 Ganowa, ƙirƙira da shigar da abu cikin aiki

“Discovery” ganowa ce. Abin yana nan tun da, ba a dai san shi ba, ko ba a san dalilinsa ba. Misalin da ya fi kusa da mu mai ɗaci ne. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da waɗanda suka taya su bincike suka gano cewa gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Babu wanda ya ƙirƙiri dalmar nan ko hanyar da take shiga jinin yaro. An gano ta ne, kuma ganowar ce ta buɗe hanyar kankare ƙasar gidajen da ba yaran magani.

Wannan kalma tana da tambaya a bayanta: wa ya gano, kuma ga wa abin yake ɓoye? An daɗe ana koya wa 'yan firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796. Ya isa bakinsa a Segu, inda ya tarar da birni da jirage da masu fito suna aikinsu. Ga mutanen Ingila ganowa ce. Ga mai kwalekwale a Segu ko Yawuri, baƙo ne ya zo.

“Invention” ƙirƙira ce, ko ƙagowa: samar da abin da babu shi kafin nan. Dokar lasisin ƙirƙira ta Nijeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku. Abin ya zama ba a san shi ba a ko'ina kafin a nemi rajistarsa, ya zama ya fito daga ƙoƙarin ƙirƙira wanda ba kowane masanin fannin zai hango shi kai tsaye ba, sannan ya zama za a iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta, har da noma. Dokar ta ce ƙa'idojin kimiyya da abin da aka gano kawai ba ƙirƙira ba ne. Wanda ya cika sharuɗɗan yana samun kariya ta shekara 20. Saboda haka mai fassarar da ya musanya “ganowa” da “ƙirƙira” a takardar shari'a ya sauya wanda ke da haƙƙi da wanda ba shi da shi.

“Innovation” ita ce ta fi wuyar kamawa, domin gidajen rediyo sun saba fassara ta da “ƙirƙire-ƙirƙire”, kalmar da suke bai wa 'yar'uwarta ma. Masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter, a littafinsa na 1911, shi ya fi kowa fito da bambancin: ƙirƙira tana iya kwana a ɗakin gwaji har ta mutu, ɗayar kuwa ba ta tabbata sai an shigar da sabuwar dabara cikin aikin mutane da kasuwarsu.

Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ba mu misalin da ya fi kowane bayani. Ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi, tumatir da gauta da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Kowace uwa a ƙasar Hausa ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, don haka ba shi ya gano ƙa'idar ba, tukunya kuma ta girme shi da dubban shekaru. Abin da ya yi shi ne ya haɗa sanannun abubuwa ta wata sabuwar hanya, ya sa magina suka gina da yawa, ya bi ƙauyukan da ba su da lantarki ya raba, ya nuna yadda ake amfani da su. A kan haka aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana iya jayayya a kan ko haɗin tukwanen ƙirƙira ce. Babu jayayya a kan cewa ya shigar da dabarar cikin rayuwar manoma, kuma wannan shi ne abin da “innovation” ke nufi. Ina ba da shawarar a riƙa cewa “sabuwar dabarar aiki” ko “sabon salon aiki”, a bar wa “invention” kalmar ƙirƙira ita kaɗai.

5.0 Batun bidi'a

Akwai wani nauyi da kalmar “innovation” ke ɗauke da shi wanda malamin Ingilishi a Landan ba zai sani ba, amma na Tsafe dole ya sani. A littattafan addini da aka fassara zuwa Ingilishi, “innovation” ita ce bidi'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, wato raya sunna da kashe bidi'a. Ƙungiyar Izalatul Bid'a wa Iƙamatus Sunna da aka kafa a Jos a 1978, idan aka juya sunanta zuwa Ingilishi, wannan kalma ce ke fitowa. Kalmar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta sa a sunan ma'aikatar kimiyya da fasaha. Yaron da ya ji ta da dare a matsayin abin gudu, da safe aka ce masa ita ce abin nema, yana da haƙƙin a yi masa bayani.

Bayanin kuwa yana nan a tarihin harsunan biyu. A Ingila ma kalmar ta daɗe tana abin zargi: a 1548 Sarki Edward na Shida ya fitar da shela yana hana masu kawo sababbin abubuwa a ibadar coci, kuma da wannan kalma ya kira aikinsu. Sai a ƙarni na 19 da na 20 ta koma kalmar yabo a fagen masana'antu. A Larabci kuma tushen da ya ba da bidi'a shi ya ba da “ibda'i”, wato fasahar ƙirƙira, shi ya ba da ilimin badi'i da almajiran balaga ke karantawa a zaure. Hausa ta ari bidi'a ta keɓe ta ga addini, har ta miƙa ta ga shagulgulan biki. Don haka fage ne ke yanke hukunci: a maganar ibada a ce bidi'a, a maganar noma da ƙira da kasuwanci a ce sabuwar dabara. Muna ma da kalma ta uku da Ingilishin yau da kullum ba ya ware ta sosai, wato jaddadawa, maido da abin da ya dushe zuwa yadda yake a asali. Da ita ake kiran Shehu Mujaddadi.

6.0 Abin da ake nema daga malamai

Ba na neman a ƙara wani darasi a manhaja, ta riga ta cika. Ina neman a sauya tambayar da ake yi wa kalma a aji. Maimakon a tsaya ga “mece ce fassararta”, a tambayi yaro: sabo ga wa, kuma ta wace fuska? Ga lokaci ne, ko ga iri, ko ga wanda ya yi shi, ko ga masu amfani da shi? A bar shi ya amsa da Hausa tukuna, da masarar bana da waken Samaru da cajar kasuwa, sannan a ɗora masa kalmar Ingilishin a kan abin da ya riga ya rarrabe. Haramta Hausa a ajin Ingilishi, har da cin tarar mai yin ta, yana raba yaro da kayan aikin da ya fi ƙwarewa a kai.

Ƙamusoshin da muke da su, daga na Bargery na 1934 zuwa na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, manyan ayyuka ne, amma ba a yi su don aljihun malamin ƙauye ba. Abin da ya rage shi ne ɗan littafi mai araha na kalmomi masu kama da juna, kowace da jimlolinta na Ingilishi da Hausa da misalai daga ƙasar nan. Ina kira ga sassan Hausa da na Ingilishi na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, su zauna tare su rubuta shi, su gayyato malaman sakandare na Tsafe da Bunguɗu da masu fassarar labarai a gidajen rediyon jihar, domin su ne ke haɗuwa da waɗannan kalmomi kullum. Kafin littafin ya fito, ina roƙon duk malamin da zai duba kundin ɗalibi a wannan zango ya fara zama da shi, ya warware masa ma'anoni ukun nan na “original” da Hausa, tun bai rubuta shafi na farko ba.